Filin Tambaya da Amsa: Daren Buenos Aires ga Baƙon da Ba Ya Shan Giya

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka taru a hannunmu sun shafi birni ɗaya, saboda haka muka haɗa su a wannan fitowar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni likitan dabbobi ne, kuma wurin aikina zai tura ni taron mako biyu a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a farkon watan Disamba. Kullum za a riƙa tashi daga taron da ƙarfe 5 na yamma. Duk wanda na tambaya sai ya ce birnin ya yi suna wajen mashaya da raye-raye, ni kuwa ba na shan giya, kuma ba na so in ƙare mako biyu a ɗakin otal ina kallon talabijin cikin harshen da ba na ji. Shin akwai inda mutum irina zai nufa da dare ya ga gari, ba tare da ya faɗa cikin abin da zai yi nadama ba?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Waɗanda ka tambaya ba su yi ƙarya ba, amma rabin labarin suka ba ka. Mashaya da gidajen rawa suna nan birjik, musamman a unguwar Palermo, sai dai su wani yanki ne kawai na daren wannan birni. Da ƙarfe 11 na dare za ka ga tsoho da tsohuwarsa suna tafe a hankali sun fito daga kallon wasan kwaikwayo, ka ga magidanci da iyalinsa har da yara ƙanana sun yi layi a shagon askirim, ka ga ɗalibi tsaye a kantin littattafai yana duba shafi bayan shafi babu mai ce masa ya saya ko ya tafi. Wannan daren nake so ka nema, kuma mako biyu ba za su ishe ka ka ƙure shi ba.

Ka fara da sanin lokutan mutanen garin, domin a nan baƙi da yawa suke ruɗewa. Wajen ƙarfe 5 zuwa 6 na yamma suna ɗan taɓa wani abu mai sauƙi, kofi ko shayi da burodi, abin da suke kira merienda. Abincin dare kuwa sai ƙarfe 9 ko 10, kuma gidajen abinci da yawa ba sa buɗewa kafin 8. Gidajen rawa ba sa cika sai bayan ƙarfe 2 na dare, lokacin da ya kamata a ce ka daɗe da komawa masauki. Disamba a can lokacin zafi ne, tunda ƙasar tana kudancin duniya, kuma yini yana da tsawo ƙwarai: rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 8, isha'i na shiga kusan ƙarfe 10 saura, asuba kuma wajen ƙarfe 4. Ma'ana, tsakanin isha'i da asuba abin da ke hannunka bai wuce awa shida da ɗan wani abu ba. Shawarata ita ce idan an tashi daga taro ka koma ɗaki ka ɗan runtsa, ka yi magariba, sannan ka fita da niyyar dawowa kafin ƙarfe 12. Agogonsu yana bayan na Najeriya da awa 4, saboda haka a kwana biyu ko uku na farko barci zai riƙa fizgarka tun kafin a kawo abinci, kuma gara ka kira gida da zarar an tashi daga taro, don lokacin da za ka fita bayan magariba mutanen Zariya sun yi nisa da barci.

Da a ce dare ɗaya tak gare ka a birnin, da titin Corrientes zan tura ka. Mutanen garin suna yi masa kirari da titin da ba ya barci, kuma ya ci sunansa. Ka fara daga hasumiyar Obelisco, wadda take tsaye a mahaɗar Corrientes da ƙaton titin 9 de Julio, tsayinta mita 67 da rabi, an gina ta a 1936 domin cikar shekara 400 da kafa birnin karo na farko. Daga nan ka miƙa a ƙafa ka nufi titin Callao. Tafiyar ba ta da nisa, amma za ta iya cinye maka awa uku, domin gidajen wasan kwaikwayo ne a jere da fitilunsu, a tsakaninsu kuma kantunan littattafai, sababbi da tsofaffi, waɗanda wasunsu ke buɗe har tsakar dare. Da dare akan hana motoci bin wani ɓangare na titin don masu tafiya a ƙafa su sake. Ko da ba ka jin Sifaniyanci, ka shiga kantunan nan. Akwai littattafan Turanci jefi-jefi, akwai taswirori da tsofaffin mujallu, kuma mai sana'a irin taka ba zai rasa littafi mai hotuna a kan shanu da dawakin ƙasar ba. Abin da ya fi burge ni a wannan titi shi ne ganin mutanen da kuɗinsu ya sha faɗuwa, farashi ya sha tashi a kansu, amma ba su daina ɗaukar sayen littafi da kallon wasan kwaikwayo a matsayin buƙatar yau da kullum ba.

A Corrientes ɗin ne kuma za ka ci abinci. Miliyoyin 'yan Italiya sun yi ƙaura zuwa Ajantina tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka zo da fiza, ta zama abincin daren talaka da mai kuɗi. Shagon Güerrin yana nan tun 1932, kuma mutane da yawa a tsaye suke cin yanka ɗaya ko biyu a gaban kanta su wuce. Ka nemi muzzarella, wadda cuku ne da tumatir, ko fugazzeta mai cuku da albasa, ka haɗa da fainá, wata 'yar waina mai faɗi da ake yi da garin wani irin wake. Ka haddace kalmomi uku, za su yi maka amfani kullum: sin jamón, sin cerdo, sin alcohol, wato ban da yankakken naman alade, ban da alade, ban da giya.

Bayan abinci sai wurin zama. Hukumar birnin tana da jerin tsofaffin gidajen shan kofi da ta ba kariya saboda tarihinsu, ana kiransu bares notables, kuma kada kalmar bar ta firgita ka, domin ko da yake ana sayar da giya a cikinsu, yawancin waɗanda za ka tarar kofi ne da jarida a gabansu. Mafi shahara shi ne Tortoni da ke titin Avenida de Mayo, wanda aka kafa a 1858. Yana da kyau, amma masu yawon buɗe ido sukan yi dogon layi a ƙofarsa, kuma kusan kowace tsohuwar unguwa tana da nata da babu layi. Al'adar wurin ita ce mutum ya zauna awa biyu a kan kofi ɗaya, ma'aikaci ba zai kawo masa lissafi ba sai ya nema. Idan ba ka son kofi da dare ka ce a ba ka submarino, madara ce mai zafi da sandar cakulan da za ka jefa ciki ta narke. A titin Avenida de Mayo ɗin ne kuma ginin Palacio Barolo na 1923 yake, kuma ana kai baƙi samansa da dare su hangi birnin. Wata yammar ka tafi titin Santa Fe ka ga El Ateneo Grand Splendid, gidan wasan kwaikwayo na 1919 da aka mai da shi kantin littattafai a shekarar 2000, aka bar labulensa da zanen rufinsa yadda suke, dandamalin kuma ya zama wurin shan kofi. Shi ba ya kai dare kamar kantunan Corrientes, saboda haka ka je shi kai tsaye daga taro.

Ka ware dare ɗaya domin Teatro Colón, babban zauren kiɗa na birnin, wanda aka buɗe a 1908, yana ɗaukar mutum kusan 2,500 a zaune, kuma masana kiɗa suna sanya shi cikin zaurukan da sauti ya fi fita da kyau a duniya. Ka zaɓi daren da ƙungiyar makaɗa ce kaɗai za ta yi wasa, don ba a buƙatar jin harshe. Hawa na can sama, wanda suke kira paraíso, shi ne mafi araha, kuma ka nemi tikiti da wuri tunda a Disamba kakar wasanninsu take ƙarewa. Idan kuwa iska kawai kake so ka sha, Puerto Madero tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da aka gyara tun daga shekarun 1990, da hanyar tafiya a bakin ruwa da gadar Puente de la Mujer ta 2001. Tana cikin unguwannin da suka fi tsaro, amma abincinta yana da tsada, don haka ka je da cikinka a ƙoshe.

Batun nama yana buƙatar natsuwa, domin abokan aikinka ba za su bar ka ka dawo ba su kai ka cin asado ba, wato gashin da ƙasar take alfahari da shi. Matsalar ita ce a kan ƙarfen gashi ɗaya ake jera naman sa da chorizo, wanda galibi da alade ake yin sa, da morcilla, wadda jini ce aka ɗura a hanji, da bondiola, wadda alade ce zalla. Ban da wannan ga batun yanka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi Musulmin garin, kuma suna nan, yawancinsu jikokin 'yan Siriya da Labanon ne. Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad da ke Palermo, wadda aka buɗe a shekarar 2000 a filin da gwamnatin shugaban ƙasar na lokacin, Carlos Menem, ta bayar, tana cikin manyan masallatan Latin Amurka, akwai kuma masallacin Al-Ahmad a unguwar San Cristóbal tun 1985. Ka yi Juma'arka ta farko a ɗayansu, kafin ka fito za ka sami mai nuna maka inda ake cin naman halal, wataƙila ma ka sami abokin fita. Ko a shagon askirim ka kula, domin mai suna sambayón da giya ake haɗa shi. Dulce de leche, wanda madara ce da sukari aka dafa har ta yi kauri, shi ne zaɓin da na fi so.

Saura komawa gida. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira Subte kuma yake aiki tun 1913, yana tsayawa kafin tsakar dare a yawancin ranaku. Bas suna yawo har asuba, amma ba sa karɓar tsabar kuɗi, ka nemi katin SUBE tun ranar farko. Bayan ƙarfe 11 ni dai na fi son ka hau tasi, baƙa mai rawayan rufi, ko ka kira mota ta manhaja irin su Cabify. Abin da ya fi damun baƙi a birnin shi ne 'yan fizgen waya a kan babur da masu yankan aljihu, saboda haka kada ka tsaya a bakin titi kana latsa waya, kuma kada ka ajiye ta a kan tebur a waje. Akwai wata tsohuwar dabara ta watsa wa mutum wani abu mai ƙazanta a riga, sai wasu su taso da sunan taimaka masa gogewa, kafin ya ankara jakarsa ta tafi. Idan haka ta faru ka riƙe kayanka ka ci gaba da tafiya. Unguwar La Boca da kewayen tashoshin Constitución da Retiro ba wuraren yawon dare ba ne. Lambar neman agaji ita ce 911.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Zan raka maigidana Ajantina, kuma abokan kasuwancinsa sun riga sun ce za su kai mu kallon tango. Mene ne tango, kuma wuri ne da matar aure za ta zauna hankalinta kwance?
Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Kin yi dabara da kika tambaya tun kafin ki tsinci kanki a wurin. Tango kiɗa ne da waƙa da rawa, ya taso a ƙarshen ƙarni na 19 a unguwannin talakawa na Buenos Aires da Montevideo, inda baƙin haure daga Turai da makiyayan karkara da jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka cakuɗe. Mutane da yawa ba su san cewa a ƙidayar 1778 kusan kashi 30 cikin 100 na mazaunan Buenos Aires baƙar fata ba ne, kuma kiɗan gangunansu, candombe, yana cikin tushen tango. Masu hali sun ƙyamaci rawar da farko, sai da ta karɓu a Faris kafin yaƙin duniya na farko sannan suka rungume ta. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya da sunan Ajantina da Uruguay. Abin kiɗan da ya ba ta muryarta shi ne bandoneón, wani akwati mai zugazugi da ake matsewa ana buɗewa tsakanin hannu biyu, wanda asalinsa daga Jamus ne, kuma sautinsa yana da wani irin kewa da ke ratsa mutum ko bai san me ake faɗa ba.

Game da rawar kuwa gara in gaya miki gaskiya. Namiji da mace ne suke rungumar juna, sau da yawa ƙirji da ƙirji, kunci da kunci. Inda ake kai baƙi galibi gidan cin abinci ne mai dandamali, tikitin yakan haɗa da giya sai in mutum ya ce a kawo masa ruwa ko lemo, kuma tufafin matan da ke rawa a dandamali ba sa rufe jiki. Ɗaya nau'in wurin shi ne milonga, zauren da mutanen gari, da yawansu dattawa, suke zuwa su yi rawar da kansu, kuma a nan akwai ladubba masu tsauri: ba a zuwa teburin mace a ja ta, da ido da ɗan gyaɗa kai ake gayyata daga nesa, idan ta kau da kai shi ke nan, macen da take zaune tare da mijinta kuma a al'adance ba a gayyatarta. Babu wanda zai tilasta miki komai a ko'ina cikin biyun, amma abin da idonki zai gani ke nan, kuma ke da maigidanki ne za ku auna.

Idan kun ga ba za ku iya ba, kada ku ji nauyin faɗa, kuma ku ba masu masaukinku wata mafita don kada su ji an mayar musu da alherinsu. Kuna iya cewa kun fi son jin kiɗan tango a zauren da makaɗa ne kawai, irin wanda ake yi a tsohon babban gidan waya da aka mai da shi cibiyar al'adu, wanda tun 2024 ake kira Palacio Libertad, inda shiga yawancin shirye-shirye kyauta ce. Ko ku nemi a kai ku kasuwar Mataderos, wadda take ci ranar Lahadi a yawancin watannin shekara, ku ga mahaya dawaki da kiɗan karkara da rawar chacarera, wadda namiji da mace suke yi suna fuskantar juna ba tare da sun riƙe juna ba. Sai ki shirya wa gaisuwarsu, domin sumbar kunci sau ɗaya ita ce gaisuwar yau da kullum, har tsakanin maza. Idan kika dafa ƙirji da hannun dama kika yi murmushi tun kafin a matso, za a gane, musamman idan maigidanki ya riga ya yi wa abokansa bayani.

TAMBAYA: Malam, burina idan na je shi ne in kalli wasan Boca Juniors da dare a filinsu. Yaya ake yi?
Mai karatu daga Jos

AMSA: Ɗan'uwa, burin naka mai kyau ne, sai dai tikitinsa yana da wuya. Filin La Bombonera, wanda aka buɗe a 1940, ya yi wa magoya bayan Boca kaɗan, kuma kujerun kusan duka na mambobin kulob ne masu rajista. Masu tallar tikiti a bakin titi sau da yawa na jabu suke sayarwa, saboda haka ka bi ta otal ɗinka ko kamfanin yawon buɗe ido da zai ɗauke ka ya dawo da kai, ko da ya fi tsada, domin La Boca ba unguwar da baƙo zai tsaya neman mota bayan an tashi daga wasa ba ce. A 2013 aka hana magoya bayan ƙungiyar baƙi shiga yawancin wasannin gasar ƙasar saboda tashin hankali, kuma galibi duk wanda ke filin Boca ɗan gida ne, don haka kada ka kuskura ka sa fari da ja, launin River Plate, babbar abokiyar hamayyar Boca, a inda shuɗi da rawaya suke mulki. Ba a sayar da giya a cikin filayen, amma waƙa da tsalle ba sa tsayawa daga farko har ƙarshe. Ka tafi da fasfonka, ka kuma duba jadawali kafin ka yanki tikitin jirgi, tunda ana hutu daga wajen tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu.

Idan Boca ta gagara, birnin cike yake da kulob-kulob. Argentinos Juniors da ke unguwar La Paternal, inda Diego Maradona ya fara buga wa manya wasa a 1976, filinsu yana ɗauke da sunansa, kuma shiga can ta fi sauƙi, haka ma Vélez Sarsfield da Huracán. Da zarar na kusa da kai ya ji daga Najeriya kake, hira ta samu, domin ƙasashen biyu sun haɗu sau 5 a gasar cin kofin duniya, a 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, Ajantina ce ta ci duka, kuma wasan 1994 shi ne na ƙarshe da Maradona ya buga a gasar. Za su tuna maka da wannan. Kai kuma ka tuna musu da wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da Najeriya ta ci su 3 da 2, da ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura musu a Porto Alegre a 2014.